Muryata a Faifan 'Yan Taragu

Kafin kowa a Ikko ya ji 'Yan Taragu, ni na ji su. Ban zo na biyu ba, ban zo na uku ba. Yanzu da wasu masu rataye da kyamara suke zuwa Agege suna cigiyar faifansu, sai ka ga kowane tsoho ya gyara zama yana cewa ai da shi aka yi. Ƙarya suke yi. Lokacin da samarin nan suke kiɗa a cikin tsohon taragon shanu, waɗannan tsofaffin toshe kunne suke yi su wuce suna tsaki. Ni Hamidu ɗan Mero, mahauci, ni ne na tsaya.

Ban taɓa zama a aji ba. Haruffan da nake rubuta wannan da su a jikin taragu da buhunan gishiri na tsince su, saboda haka wanda ya ga wani ya karkace ya miƙe shi a zuciyarsa. Daga Ƙauran Namoda na zo, tun Bature yana mulki, a tarago ɗaya da shanu, ina tsaye a tsakiyarsu ina tayar da wanda ya kwanta don kada a tattake shi. Sa ya taɓa sukana a cinya, ƙahon ne ya karye. Kwalara ta shigo layinmu ta ɗauki na dama da ni da na hagu da ni, ta dube ni ta wuce. Da aka yi ta gudu Arewa gab da yaƙi, ban rufe teburina ba ko na yini guda. Na faɗi wannan ne don a san mai magana.

A kwatar Agege, inda muke yanka, muna da makaɗi, sunansa Sanda. Ya girme ni nesa, kuma tun kafin in zo yake rataye da kalangu. Duk mahaucin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Idan Sanda ya matse kalangu a hammata ya buga takenka, to ya kira ka ke nan. Sai ka amsa da kirarinka, ka yanko tsoka ka jefa masa a jaka. Nawa, abin da kalangun yake cewa shi ne: ɗan Mero, sa ya durƙusa.

Sanda yana da wata doka da ya kafa wa kansa. Ba ya buga taken mutumin da ba ya wurin. Sai ya ɗaga ido ya gan ka tukuna. Ko Sarkin Fawa ne ya roƙe shi, ba zai yi ba. Cewa yake yi kiran mutum a inda ba zai iya amsawa ba tozarta shi ne, kamar ka ɗauki hularsa kana yawo da ita a kasuwa babu kansa a ciki.

Ɗansa na fari shi ne Iliyasu, haihuwar Agege, Yarbanci a bakinsa kamar a nono ya sha. Da yake ɗan fari ne, Sanda bai taɓa kama sunansa ba, haka ma uwarsa Batulu. Kunya ce irin ta mutanenmu. Sanda ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya duban idonsa, idan zai yi masa magana sai ya fuskanci bango ya ce a gaya wa yaron nan kaza. Amma tun yaron yana rarrafe ya yi masa wani ɗan gajeren kiɗa wanda babu suna a ciki. Kullum idan tuwo ya kusa sauka, sai ya fito ƙofar gida ya buga. Duk inda Iliyasu yake sai ya taho. Ya yi gemu, ya tara suma kamar kwandon goro, yana sa wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, amma da ya ji kiɗan nan za ka gan shi yana sauri. Duk layin sun san wannan kira. Mata ma da shi suke sanin lokacin kwashe tuwo ya yi.

A shekarar da aka mayar da motoci hannun dama, wata rana da hantsi, na ɗauko cinyar sa a ka zan kai wa wata Bayarabiya mai sayar da abinci. Na yanke ta bayan tashar jirgi, inda aka yar da wani tarago a kan mataccen layi, ciyawa ta cinye ƙafafunsa. Sai na ji an kira ni. Ba kalangu ba ne. Wata murya ce ta ƙarfe, mai kuka, tana jan maganar tana karkarwa, amma maganar ba ta ɓata ba: ɗan Mero, sa ya durƙusa.

Bakina ya riga kaina. Ina tsaye da cinya a ka, jini yana ɗiga mini a wuya, na saki kirari tun daga farko har ƙarshe. Kiɗan ya tsaya cak. Kawuna huɗu suka leƙo ta ƙofar taragon, duk da suma. Na gane Iliyasu, rataye da jar jita mai waya. Na gane Abdulganiyu, ɗan wani dillalin fata, uwarsa 'yar Abekuta, shi ma da jita mai dogon wuya. Sauran biyun, mai ganguna da mai danna molon Turawa, daga baya na san su.

Iliyasu ya diro ya durƙusa. "Kawu Hamidu, don Allah kada Baba ya ji."

"Wa ya ba ka takena?"

"Babu wanda ya ba ni, Kawu. A kunnena na tashi da shi. Duk abin da na taɓa sai ya fito."

"To me ya sa nawa, duk mahautan kwata?"

Abdulganiyu ne ya amsa, yana danne dariya. "Naka ya fi na kowa fitina, Kawu."

Gaskiya ya faɗa. Na sauke cinyar a kan ciyawa na ce su sake bugawa. Suka koma ciki, suka haɗa wayoyinsu da batirin mota. Mai ganguna ya fara, Abdulganiyu ya shigo da wani gurnani da na ji shi a cikina kafin in ji a kunne, sannan Iliyasu ya hau kai. Taragon duka yana rawa, tsatsa tana zubowa daga rufi. Su suna ce wa kiɗan rok. Ni dai abin da na ji shi ne hannun Sanda ya shiga wuta ya fito bai ƙone ba. Da suka gama na zare wuƙa na yanko tsoka daga cinyar Bayarabiya na jefa wa Iliyasu, don take ba ya tafiya hannu banza. Wannan ita ce ladar farko da aka taɓa ba 'Yan Taragu a duniya, kuma daga hannuna ta fito. Sunan ma ni na raɗa musu. Suna da wani na Turanci, amma bai bi su ba.

Aka yi watanni suna kiɗa a ƙananan otal-otal na Mushin da Oshodi. Sai wani mutumin kamfanin faifai ya ji su, ya ce zai buga musu faifansu na farko, babba, mai waƙoƙi gaba da baya. Amma ya ce lallai a sa wannan kiɗan mai fitina a ciki, don shi ne ya tsayar da shi.

Wasu sun ce ni na kai maganar kunnen Sanda. Ni dai labari na bayar a kwata, cewa takena zai shiga faifai, abin da ba a taɓa yi wa wani mahauci ba tun daga Sakkwato har bakin teku. Kunnen Sanda kuwa ba ni na huda masa shi ba.

Ya aika aka kira ni gidansa, aka kira Iliyasu. Yana zaune a zaure ya fuskanci bango, Iliyasu yana durƙushe a bakin ƙofa, Batulu tana bayan labule. Na zaci zai yi faɗan suma ne, ko na otal. Bai taɓa su ba.

"A gaya wa yaron nan," in ji shi, "ban hana shi jitarsa ba. Kowa da abin da yake ratayawa. Ya buga wa Hamidu take Hamidu yana tsaye, wannan daidai ne. Amma faifai ba shi da ido. Za a ɗora shi a gidan giya a Isolo, a ɗora shi a shago a Ojo, ya yi ta kiran Hamidu, Hamidu yana Agege yana barci. Wata rana Hamidu yana kabari, ana ta kiransa, 'yan rawa suna tsalle a kai, babu mai amsawa."

Na ce, "Yaya Sanda, ai ni mai taken na yarda."

"Taken naka ne. Kiran nawa ne."

Iliyasu ya ce, a hankali, "Baba, na riga na ba mutumin kalmata. Kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai mutum uku a bayana."

Sanda ya ƙara juya masa baya. Sannan ya ce, "To a gaya masa, wanda bai san darajar kira ba, ba a kiransa."

Daga ranar kalangu bai sake fitowa ƙofar gida da yamma ba. Iliyasu ya kwashe 'yan kayansa ya koma ɗakin Abdulganiyu a Abule Egba. Layin ya yi wani irin shiru. Matan maƙwabta suka riƙa ƙona tuwo. Sanda yana zuwa kwata, yana buga wa kowa, ni ma yana buga mini, amma hannunsa ya yi nauyi, kuma da ya gama sai ya tafi bai tsaya hira ba.

Wata rana Batulu ta zo teburina, ita da ba ta sayen nama tunda jakar mijinta kullum a cike take. Ta tsaya tana jujjuya wata hanta da ɗan yatsa.

"Wannan ta jiya ce, Hamidu."

"Yaya Batulu, hantar nan ɗazu take cikin mai ita."

"To." Ta ajiye. Ba ta dube ni ba. "Wancan mai sumar ya ce wani otal a Kwatano ya ɗauke su aiki. Da faifan ya fito za su tafi. Ya ce idan ba a kira shi ba, babu abin da zai dawo yi a Agege. Shi kuma na gida, kullum da yamma sai ya ɗauko kalangu ya ɗora a cinya, ya yi ta shafa shi, ya mayar. Ni ce nake ganin su duka biyun. Kai da bakinka ya fi na kowa girma, ba ka da abin cewa?"

Ta tafi ba ta sayi komai ba.

Ina sarar ƙashi abin ya zo mini. Mutane suna ganin sai wanda ya yi boko yake da dabara. Na ce a raina, shin me Sanda yake tsoro? Kira babu amsa. To a sa amsar a ciki mana. A ɗaure su tare, inda kiran ya je amsar ta bi shi. Ban ko wanke hannu ba na nufi tarago.

Abdulganiyu ya yi dariya har ya zauna a kan batir. "Kawu, rok ne fa. Ba kwata ba ce."

"Kai, ɗan Abekuta, wa ya fara ba ku nama?"

Iliyasu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murɗa kunnen jitarsa. Can ya ce, "Kawu, kana ganin zai yarda?"

"Ban sani ba. Amma dai ba zai ce an kira ni ban amsa ba."

Ranar ɗaukar faifan muka hau danfo, ƙaramar bas ɗin hayar Ikko, zuwa Ikeja. Na sa babbar rigata, na soke wuƙaƙena biyu a ƙugu kamar kullum, na kuma ƙunshe tozon sa a ganye don in gaisar da mai wurin. Ɗakin babu taga, an lulluɓe bangonsa da wani abu kamar katifa, ga sanyin iyakwandishan kamar ɗakin ajiye gawa. Mai ɗaukar muryar yana zaune a bayan gilashi da na'urorinsa, kowa yana ce masa Oga. Ya tsayar da ni gaban wani makirfo, ya rataya mini abin ji a kunne, ya ce da Turancin kasuwa idan ya ɗaga hannu in yi ihu.

Suka fara. Ya ɗaga hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito kamar mai kiran kyanwa.

Kada wani ya ce tsoro ne. Mutumin da ƙahon sa ya karye a cinyarsa ba ya tsoron gilashi. Abin da Oga bai sani ba shi ne ba a yin kirari da ɗaga hannun wani, kuma mahauci ba ya kirari hannu banza, a tsaye kamar ɗan makaranta. Na cire abin kunnen na ajiye. Na jawo wani benci, na kwance ganye, na ɗora tozon a kai. Oga ya fito da gudu yana nuna shimfiɗar ƙasa yana maganar jini. Na ce wa Abdulganiyu ya gaya masa da Yarbanci cewa tozon na matarsa ne, amma sai an gama. Ya dubi tozon, ya dubi shimfiɗar, ya koma bayan gilashinsa.

Na ce wa Iliyasu, "Kada ka dubi Oga. Ni za ka duba. Ka taho gare ni yadda ubanka yake tahowa."

Suka sake ɗauka. Na zare wuƙaƙen ina wasa ɗaya da ɗaya, ƙararsu ta faɗa daidai cikin gangunan. Iliyasu ya taho, yana jan wayarsa, ya ɗan karkatar da kafaɗar hagu, ya matse jitar a haƙarƙari. Bai san yana yi ba. Sanda ne sak, sai dai suma. Ya tsaya gabana ya kira ni. A nan na manta da sanyi, na manta da Oga.

"Sai ni Hamidu ɗan Mero, na tarago mai sauka da ƙafarsa! Ƙaho ya taɓa ni ya koma gida da guntu! Kwalara ta yi sallama ta ce ba da kai ba!"

Na sari tozon, na yanko tsoka na jefa a ƙafarsa. Har faɗuwar tsokar nan tana cikin faifan, wanda yake da kunne zai ji. Oga ya ce allurar na'urarsa ta kusa tsinkewa, a sake. Na ce ba a amsa kira ɗaya sau biyu. Haka aka bar shi.

Sai bayan damina faifan ya fito. A jikin kwalinsa ga su nan su huɗu a kan rufin tarago. Ba a sa hotona ba, wannan kuskuren kamfani ne. Iliyasu ya kawo mini na farko da ya fito daga kwali, har teburina, jakarsa a kafaɗa.

"Kawu, kai za ka kai masa. Ni ba zan iya tsayawa ina kallon bayansa ba. Motarmu tana tashar ƙetaren layin dogo. Zan zauna har ta cika."

Gidan Sanda babu lantarki. Abdulganiyu, wanda shi sai washegari zai bi su da kayan kiɗa, ya loda na'urar juya faifai da lasifika da makirfo da batir a amalanke, muka tura. La'asar ta ɗan gota. Muka sami Sanda a tsakar gida kan tabarma yana gyara igiyoyin kalangu. Batulu tana bakin murhu tana fasa itace.

"Hamidu, me ka shigo mini da shi?"

"Baƙo na kawo maka, Yaya Sanda."

"Na san baƙon. Ba ni da tabarmarsa." Ya juya mana baya. Amma bai ce mu fita ba.

Abdulganiyu ya ɗora allura a kan waƙar. Ganguna suka fara, gurnanin ya shigo, sannan jitar ta kira ni. Hannun Sanda ya tsaya a kan igiya. Ya waiwayo ya dube ni, don ya ga ko zan amsa. Ni kuwa na cusa hulata a baki na danne, harshena yana ta tsalle a ciki. Ina so ya ji da kunnensa cewa ba ni na tsakar gida ba ne. Sai ga ƙarar wuƙa, sai ga muryata ta fito daga lasifika ta cika gidan, har kaji suka watse.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Hamidu, fita. Je ka bakin famfo, can ƙarshen layi."

"Don me?"

"Ina so in ji ko zai amsa ba ka nan."

Na fita. Ban je famfo ba, akwai wata huda a kwanon da ya kewaye gidan, a nan na sa ido. Aka sake ɗora allura. Sanda ya juyo gaba ɗaya, ya matso kusa da lasifikar kamar mai jin ɗumin wuta. Da jitar ta fara, na ga yatsunsa suna bin ta a kan gwiwa. Da muryata ta amsa, ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin yadda yake yi a kwata idan tsoka ta faɗa jaka. Na ba shi ɗan lokaci, sannan na shigo ina haki kamar wanda ya yi tafiya.

"Na cikin ya fi ka murya," in ji shi.

"Ai ranar na karya da kyau."

"Ko ka mutu zai amsa?"

"Ni ba yanzu zan mutu ba. Amma zai amsa."

Can ya ce, yana duban ƙasa, "Ya ja wutsiyar taken da yawa. Ban koya wa kowa haka ba." Ya ɗan tsaya. "Amma bai ɓata ba."

Batulu ta tura itace a murhu, ta ce wa tukunyar, "Motar Kwatano ba ta daɗewa ba ta cika ba."

Sanda ya ɗauki kalangu, ya miƙe da ƙyar, ya fita ƙofar gida. Muka bi shi. Ya matse, ya buga ɗan kiɗan nan da aka yi watanni ba a ji ba. Mata suka leƙo daga gidaje. Muka sa ido a bakin layi. Daidai lokacin jirgin kaya yake wucewa, ga ihun 'yan kamasho, ga hon ɗin motoci a kan hanyar Abekuta. Babu wanda ya ɓullo. Ya sake bugawa, da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Shiru.

Ya sauke hannu. "Da can har kasuwa ake jin wannan," in ji shi. "Garin ne ya yi surutu." Muryarsa ta yi ƙasa, ni kuwa ban so yadda ta yi ba.

Abdulganiyu ya koma ciki ya jawo makirfo da wayarsa, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Sanda ya harari abin kamar an miƙo masa kunama. Sannan ya dube ni.

"Yana can?"

"Yana can."

"Ka gan shi da idonka?"

"Da idona, da jakarsa a kafaɗa."

"Kuma zai iya amsawa."

"Idan ya ji."

"To a matso da abin."

Ni na ɗauki lasifikar nan na hau da ita kan rufin kwano, na juya bakinta wajen tasha. Abdulganiyu ya murɗa komai har ƙarshe. Sanda ya sunkuyar da kalangu gaban makirfo ya buga. Wallahi sai da kwanon ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Awaki suka tsinke igiya. Ladan ya leƙo daga masallaci yana duban rana. Wannan ɗan kiran da aka yi wa yaro mai rarrafe, Agege duka ta ji shi, har ƙetaren layin dogo.

Daga kan rufi ni na fara hango shi. Suma ce ta fara ɓullowa tsakanin taragu, sannan mutum. Ya cire takalmansa masu tsini ya riƙe a hannu, yana gudu babu takalmi a kan duwatsun layin dogo, jaka tana dukan bayansa. Da ya shigo layinmu sai ya rage gudu, ya gyara riga. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, yana numfashi sama-sama.

"Ga ni, Baba."

Sanda yana duban igiyoyin kalangunsa kamar yau ya fara ganinsu. Ya ce, "Uwarka ce ta ce tuwo zai huce."

Tuwon da ko ruwansa bai tafasa ba. Babu wanda ya tona. Sanda ya koma ciki ya zauna, ya sa ƙafa ya tura gefen tabarmar waje kaɗan, inda mutum ɗaya zai iya zama. Iliyasu ya zauna a wurin, a ɗarare. Haka suka jira tuwon tare, kowa yana kallon gabansa, Batulu tana ta fifita wuta tana cewa hayaƙi ne ya shiga mata ido. Motar Kwatano ta cika ta tashi. Daga baya Iliyasu ya bi su, ya yi aikinsa, ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa, har Sanda ya rasu, ɗan yana riƙe da kan uban.

Faifan bai yi kasuwa ba. Gidan rediyo sun ɗan sa shi suka daina. Mutumin kamfani ya ce wai masu saye suna dawowa da shi suna cewa ana yanka wani a ciki. Wannan hassada ce. Samarin suka watse, kowa ya kama wata sana'a, ba su sake buga na biyu ba. Sai yanzu da suma ta zube, wasunsu ma ƙasa ta rufe, aka tuna cewa an yi su.

Faifan nan da na kai gidan Sanda, na farko da ya fito daga kwali, yanzu yana hannuna. Wanda yake shakkar abin da na rubuta ya zo Agege ya tambayi gidan Hamidu ɗan Mero, ko akuya za ta nuna masa. Zan ɗora masa allura da hannuna, in tsaya kusa da lasifika, mu amsa tare, ni da na ciki. Idan ya iya raba muryoyin nan biyu ya ce ba mutum ɗaya ba ne, ya faɗa a gabana, ga ni ga shi.